Sunan Surukin Malama

Kowa ya ɗauka ɓarawon aiki ne ke shan wuya wajen rubuta kundin kammala karatu. Ƙarya ne. Shekara huɗu ina zaune gaban kwamfuta a shagon buga takardu a Suleja, ban taɓa ganin wanda ya kwafi aikin wani ya yi ko ciwon kai ba. Su ne ma ake fara sa wa hannu. Kowa kuma ya ɗauka shafin manazarta, wato jerin littattafai da mutanen da ka ɗauko magana a wajensu, jela ce kawai da ake liƙa wa kundi don ya yi kauri. Ni ma haka na ɗauka, ni da nake liƙa jelar da hannuna. Kundi ɗaya tak na gani wanda mai shi ta yi da guminta tun daga farko har ƙarshe, kuma shi ne ya kusa mutuwa a kan wannan shafin.

Ni sakandare na gama na tsaya, kuma na gaji da ba da dalili. Shagon na wata mata ce 'yar kudu, Kirista, da ta daɗe a garin nan, kowa Madam yake ce mata. Kwamfuta uku gare mu, da firinta mai cin takarda in ta yi zafi, da janareto a bayan shago wanda ƙararsa ke bin kunnena har gida. In lokacin miƙa kundi ya zo, benci ba ya hutawa. Yawancinsu ma'aikata ne masu sammakon Abuja, suna haɗa aiki da karatun ƙarshen mako. Su shigo da filash a hannu, ko hoton kundin wani a waya, su ce a canza sunan gari, a canza shekara, a canza sadaukarwa. In an zo ƙarshe sai ka ji, "'Yar'uwa, cika min manazarta, shafi biyu ya isa."

Ina cikawa kuwa. Akwai wata ma'ajiya a kwamfutata cike da tsofaffin kundaye, daga nan nake ɗibowa kamar mai awon gero. Akwai wani bature da na sa sunansa a kundin kiwon kaji, na sa shi a na tarbiyyar yara, na kuma sa shi a na harajin kasuwa. Ban san ko yana da rai ba. In yana da rai, Allah ya ba shi haƙuri.

Ƙa'idar abin na iya ta fiye da masu digirin. Duk maganar da ba taka ba ce, ka buɗe baka, alamar rubutun nan mai lanƙwasa, a ƙarshenta ka sa sunan mai ita da shekara, ka rufe. A ƙarshen kundi ka jero su duka bisa tsarin haruffa. Ba Alhaji, ba Malam, ba Farfesa, ba Mai Girma. Suna tsirara, kamar yadda ake kiran rajista a aji. Ba wanda ya koya mini, jan biron malamansu ne ya koya mini, don duk gyaran da aka yi musu a kaina yake ƙarewa.

Wata ranar Litinin mai kundin nan da na faɗa, Malama, ta shigo. Mace ce da za ta kai hamsin, malamar firamare, a unguwar Magajiya take aure. Ta gaishe ni kamar ni ce babba, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya alhali ba ta san kowa ba. Irin wannan gaisuwar ba ta faranta mini rai, don na san babban aiki ne ke biyo bayanta.

"An ce ke ce kika iya buga Hausa da haruffa masu ƙugiya, 'yar nan."

"Ni ce. Ina filash ɗin?"

Babu filash. Littattafan rubutu guda shida ta fito da su daga jaka, irin na 'yan makaranta, cike da rubutun hannu ƙanana a jere kamar shuka. Kundin digiri ne a sashen Hausa, a kan sana'ar ɗori, gyaran karaya irin na gargajiya. Tun a ranar ta gaya mini halin da take ciki, ba don in tausaya mata ba, don in yi sauri. Wannan ce shekara ta ƙarshe da makaranta ta yarda mata. Sau biyu tana ɗage karatu, sau ɗaya don jinyar mahaifiyarta, sau ɗaya don tata jinyar. In malamin da ke duba aikinta bai sa hannu ba kafin a rufe jerin masu kare kundi, duk shekarun da ta yi tana bin hanya Asabar da Lahadi sun tafi a banza, kuma ba za a sake ba ta dama ba.

Kwana tara na yi ina bugawa. Ni in ina aiki, rubutu daga ido yake wucewa zuwa yatsa, ba ya biyawa ta kai. Wannan ya biya. Na san yadda ake tsaga kara a kankare shi don kar ya ci fata. Na san dalilin da ya sa ba a matse ɗauri a ranar farko, saboda kumburi. Na san yadda mai ɗori ke bin ƙashi da babban yatsa yana kallon fuskar majinyaci ba wurin ciwon ba. Babu kalma ɗaya da na taɓa gani a ma'ajiyata. Kuma duk inda magana mai nauyi ta ƙare, sai in ga ta buɗe baka ta rubuta: Baba, hira. A shafin manazarta ma haka, Baba, hira a zaurensa. Ƙasa da shi akwai wani littafi da ta karanta, a wurin sunan marubucin ta rubuta: Mai Sunan Baba.

Na gane tun a shafi na uku, duk 'yar Bahaushe za ta gane. Baban nan uban mijinta ne, tsoho, shi ne mai ɗorin unguwarsu. Mace irinta ba ta kiran sunan surukinta, kuma in wani yana da irin sunan, shi ma ya tsira daga bakinta. Hirar ma ba gaba da gaba suka yi ba. Ƙanwar mijinta ce ta riƙe waya a zaure tana ɗaukar murya, ita kuma tana durƙushe bayan ƙyaure tana raɗa mata tambayoyi. Na gane, na kuma san ba zai wuce ba, amma na buga yadda aka ba ni. Na ce a raina aikina bugawa ne, kuma akwai mutum goma a benci. Wannan laifin nawa ne, ban ɓoye ba.

Bayan mako biyu ta dawo da kundin, wata Litinin ɗin kuma. Malamin ya yi masa wanka da jan biro. Bai taɓa babi ko ɗaya ba, bakan nan kawai ya bi yana zagayewa. A na farko ya rubuta, "Baban wa?" A wani, "Nawa ko naki?" A shafin manazarta ya ja layi biyu ƙarƙashin Mai Sunan Baba ya rubuta, "Wannan marubucin ba a yanka masa rago ba?" Na ƙirga zagayen, talatin da ɗaya. Ya ce ta kawo gyara ranar Alhamis, don Juma'a ake rufe jerin.

"Malama, wannan ba aiki ba ne," na ce. "Faɗi sunan, minti biyu na gama."

Ta kalli ƙasa.

"To rubuta min a takarda."

"Hannun ai nawa ne, 'yar nan."

"To kira maigidanki ya faɗa min a waya."

"Ba jin sunan ne ya gagara ba. Duk unguwa an san shi." Ta gyara mayafinta, ta rage murya kamar tsohon yana bayan firinta. "Kundin nan sunana ne a bango. Duk abin da ke ciki ni na faɗa. In an ɗinke shi kwafi ɗaya gida zai je, ƙannen maigida duk sun yi boko, za su buɗe. Shekara ashirin da bakwai ina gidan nan ba a taɓa jin sunan nan a bakina ba. Sai yanzu da na yi furfura a ce na kira shi gatsal sau talatin?"

"Da ɗaya."

"Me?"

"Talatin da ɗaya ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In an sa Malam a gaba, a sa Alhaji, a ƙara da Allah ya ƙara masa lafiya?"

"Ba a sawa. Ko Farfesa ne tuɓe shi ake yi."

Madam tana teburinta tana ɗinke wani kundi, kunnenta na wajenmu. Hausarta ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo.

"Wai mene ne matsala? Suna ne fa kawai. Ni baban mijina, sunansa na ba ɗana. Kullum ina kira. In ya yi laifi har zagi ina haɗawa."

"Subhanallahi," in ji Malama.

"To, Hajiya, cire tsoho gaba ɗaya. Sa littafi. Wa zai duba?" Ta juyo wajena. "Ke, ba ki da turawa a kwamfuta? Ba ta turawa mana."

Na zaci Malama za ta tashi ta kwashe littattafanta. Sai ta hau murza bakin mayafi. Can ta ce, "In hakan zai yiwu, a yi."

"Malama, kin san abin da kike faɗa? Maganarsa za a ɗauka a ba wani."

"Na sani. Gara a ce ban ambace shi ba, da a ce na yi masa rashin kunya."

Ta duba agogo ta ce tana da aji, ta tafi.

Na buɗe ma'ajiyata. Na canza na farko, na biyu, har na biyar, ba wani tunani, don aikin da na saba ne. A na shida na tsaya. Wurin da tsohon yake cewa in ƙashi ya huda fata ya fito, shi ba ya taɓawa, asibiti yake turawa ko da dangin majinyaci za su yi fushi su ce ya tsufa. Ya ce mahaifinsa ya taɓa ɗaure irin wannan karayar, ƙafar ta ruɓe aka yanke, kuma har mahaifin nasa ya koma ga Allah bai daina ambaton mutumin ba. A ƙarshen wannan maganar ne zan buɗe baka in sa baturen kiwon kaji.

Kar a ce tsoron Allah ne ya kama ni. Da shi ne, da ya kama ni tun shekara huɗu da suka wuce. Abin ne kawai ya yi mini kama da hauka. Sannan na yi tunanin malamin. Mutumin da ya zauna ya zagaye baka talatin da ɗaya, har da barkwanci a gefe, mai karantawa ne, ba irin masu auna kundi da hannu ba. Kwanan nan ya ga Baba, ranar Alhamis ya ga turawa sun gaji maganar Baba har da ta mahaifinsa. A da, gyara kawai ya ce a yi. In ya ga wannan, ba maganar gyara kuma, ƙarya ce a rubuce da sunanta a bango, kuma ni na buga.

Na mayar da biyar ɗin yadda suke. Bayan la'asar na ce wa Madam kaina na ciwo, wanda gaskiya ne, na tari keke-napep na ce Magajiya.

Mace ta farko da na tambaya gidan mai ɗori, wata mai suyar awara a bakin layi, ita ta faɗa mini sunan cikakke kafin ta nuna mini ƙofar. Wato tun ban sauka daga keke sosai ba na sami abin da aka yi ta fama a kansa tun safe. Da na so da na juya. Amma na san in na buga shi haka kawai, gobe Malama za ta gani ta ce a cire, mu koma inda muka faro.

Zauren yana warin man shanu da hayaƙi. Ga ɗaurin kara a jingine, ga tsummoki wankakku a kan igiya. Wani mutum da ya zo daga Tafa yana zaune da hannu a rataye a wuya, yana jiran a kwance masa. Tsohon ɗan ƙarami ne, idanunsa sun yi fari-fari, amma hannayensa kamar aro ya yi daga wani ƙato. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yar wa ce?"

"Ba ka san gidanmu ba, Baba. Ni ce mai buga littafin da matar ɗanka ta rubuta a kanka."

"A'a, to. An gama?"

"An ƙi karɓa."

Na gaya masa komai a tsaye, ban iya kwana-kwana ba. Na ce malaminta ya ce sai an rubuta sunan wanda ya yi maganar, ita kuma ta rubuta Baba, kuma in ba a gyara ba zuwa Alhamis karatunta ya ƙare. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, mutumin Tafa ya miƙa masa ruwa da hannunsa mai lafiya.

"Wato saboda ni za ta faɗi jarrabawa?"

"Saboda sunanka."

"To ai yana nan, ban kai shi ko'ina ba. Rubuta." Ya faɗi nasa, ya faɗi na mahaifinsa, ya faɗi na kakansa da ya fara ɗori a gidan. "Sa su duka."

"Biyu kawai ake sawa. Kuma ba a sa Malam."

"Malam ɗin ai mutane suka ɗora mini. Ranar suna babu shi."

Sai na gaya masa maganar baturen. Ba sai na faɗa ba, amma bakina ya riga ni. Na ce saura kaɗan a ba wani bature labarin ƙafar da aka yanke. Dariyar ta tsaya.

"Wa ya ce a ba shi?"

"Ita ta yarda."

Ya ɗauki wani kara yana shafawa da babban yatsa, yana neman inda bai kanku ba. "Kunya ce ta sa ta."

"To kunyar ta kusa yin kyauta da gadonka."

"Ke bakinki ba shi da linzami."

"Haka ake faɗa, Baba."

Ashe muryata ta shiga cikin gida. Na ji motsi bayan ƙyaure, na ga gefen mayafin da na sani a ƙasa. Ta durƙusa a can, ba ta leƙo ba. Tsohon ya ji ta kafin ni. Bai juya wajenta ba, ni ya fuskanta.

"Gaya wa uwar yaran nan na ce a rubuta. Ni na ce, ba ita ba. Duk wanda ya ga abin magana a gidan nan, ya zo ya same ni a zauren nan." Ya ajiye karan. "Ke kuma, mai baki, saurara. Ki rubuta da hannunki. Amma kar ki sa ta faɗa da bakinta. Abin da ta riƙe shekara da shekaru ba takarda ce za ta ƙwace mata shi ba."

Na juya ga ƙyauren da ke taku biyu daga inda nake, na maimaita wa matar da ta riga ta ji komai. Na ƙare da, "Malama, kin ji." Gefen mayafin ya ja baya ya ɓace.

A waje ta cim mini, kafin in sami keke. Ban taɓa ganin ranta a ɓace haka ba.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Kin shigo gidan mijina kin kai ƙarata wajen surukina. A gaban baƙo."

"Eh."

"Ba ki ga abin ba da haƙuri ba?"

"Na gani. Yi haƙuri. Amma da turawan nan korar ki za a yi."

"Allah ya shirye ki," ta ce. Ta juya ta yi taku uku, ta tsaya. "Gobe ƙarfe nawa zan zo?"

Gyaran kansa ko minti biyun da na faɗa bai kai ba. Akwai inda ake ce wa kwamfuta duk inda ta ga wannan kalma ta sa waccan. Na danna sau ɗaya, talatin da ɗaya suka canza kafin in ɗauke yatsa. Sunan marubucin littafin kuma na samo shi a hoton bangon da ta ɗauka a wayarta, ta miƙo mini wayar tana kallon titi. Abin da ya ci lokaci karantawar ce. Ta ce sai ta duba kowane shafi da kanta. Ta zauna a ƙarshen benci da kundin a cinya, tana bin layi, in ta hango baka tafe sai ta ɗora babban yatsa a kai ta tsallake. Awa uku. Mutane na shigowa suna fita, wuta ta ɗauke ta dawo, wani ɗan sanda mai karatun ƙarshen mako yana tsaye a kaina yana cewa in ƙara masa manazarta biyar don abokinsa ya fi shi yawa. Na ƙara masa. Ita kuma ta samo mini wurare huɗu da na manta ƙugiya, ta sa na sake fitar da shafukan.

"Hajiya, in kin rufe da yatsa, yaya za ki san ta rubuta daidai?" in ji Madam.

"Ai ita ta ji daga bakinsa."

Ranar Alhamis ta tafi wajen malamin da sassafe. Da yamma ta dawo, ta ajiye kundin a teburina, ta buɗe shafin farko. Ga sa hannun nan da jan biro. Na ce alhamdu lillahi, na ce Madam a kawo bango a ɗinke. Sai na lura fuskarta ba ta mai murna ba ce. Ta zauna kamar wadda aka sauke wa kaya aka ɗora mata wani.

"Me kuma?"

Ta ce malamin ya yaba aikin, ya ce ya daɗe bai ga irinsa ba. Sannan ya gargaɗe ta. Ranar kare kundi, nan da mako biyu, akwai malamin da ake gayyatowa daga wata makaranta. Shi duk wanda ya ce ya yi hira da mutane, tambayar farko da yake masa ita ce ya rufe kundi ya faɗi sunayensu da ka, don ya gaji da masu ƙirƙiro tsofaffin da ba a taɓa haifa ba.

"In ya tambaye ki fa?"

"Zan ce Baba."

"In ya ce wane Baba?"

"Sai in yi shiru."

"In suka kayar da ke?"

"Sai in dawo gida."

Haka ta faɗa, kamar mai faɗin kuɗin tumatir. Nan na fashe. Na ce kwana tara na yi ina karanta rubutunta mai kama da tururuwa. Na ce na je gidansu na sha Allah ya shirye ki a kan titi. Na ce shi mai sunan ya ce a rubuta, duniya ba ta tashi ba. Na ce ɗan sandan nan na shekaranjiya zai tsaya gaban malamai ya jero sunayen da ni na ɗibo masa, ko inda-inda ba zai yi ba, ya karɓi takardarsa, ita kuma da ta durƙusa bayan ƙyaure wata da watanni za ta dawo hannu rabbana saboda kalma biyu. Har masu jira a benci suka juyo suna kallona. Ta bar ni na kai aya.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Shi ma ai ya ce kar ki sa ni."

Gaskiya ne, ya faɗa, kuma ni na maimaita mata da bakina. Na zauna. Gajiya ce ta sauko mini gaba ɗaya, irin wadda ko tsaki ba ka iya ja. Na yi ta kallon sa hannun. Sai wata tambaya ta zo mini, wadda ya kamata in yi tun ranar jan biro.

"Malama, shi malamin naki ya san tsohon nan surukinki ne?"

"Ta ina zan fara gaya masa?"

"Ba ki taɓa faɗa ba?"

"Namiji ne fa, kuma babba. In zauna ina ba shi labarin gidan mijina?"

"Bahaushe ne?"

"Da hularsa."

Wato duk barkwancin nan da ya yi ta rubutawa, ya ɗauka sakaci ne irin na ɗaliban da ya saba gani. Ba wanda ya gaya masa. Ita ba za ta iya ba, kuma ba za ta taɓa iyawa ba, ko za a ƙara mata shekara goma. A bayan kundin akwai jerin waɗanda aka yi hira da su, mutum bakwai, da lamba, tsohon shi ne na ɗaya. Shida za ta faɗa da ka ba gargada. Na ɗayan za ta iya faɗin shekarunsa, da unguwarsa, da duk abin da ya ce, har da ranar da ya faɗa. Abin da ake buƙata kawai wani ya sanar da malamin tun kafin ranar, shi kuma ya sanar da baƙon, a bar ta ta ce na ɗaya a jerin. Zai iya ƙi. Zai iya tambayata ni wace ce, da wace takarda na shigo ofishinsa. Ba ni da amsar da ta wuce ni ce mai bugawa.

Wannan karon na gaya mata kafin in yi. Na ce ranar Litinin zan je in same shi da kaina.

Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kar ki je ba. Ta mayar da kundin cikin jaka, ta ja zif a hankali, ta miƙe. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ofishinsa a sama yake, ƙofa ta uku. Ba ya zuwa kafin ƙarfe goma."

Na ce wa Madam ranar Litinin ba zan zo da safe ba. Ta ce lokacin kundi ne, wa zai buga mata aiki, ta ce ni ba uwar kowa ba ce a makarantar nan. Na ce na sani. Na yanke shawara zan shiga motar farko, in zauna a bakin ƙofa ta ukun nan har ya zo, in gaya masa a tsaye cewa na ɗaya a jerin uban mijinta ne, kuma ba zan sauko daga benen ba sai ya ce mini eh ko a'a.